Gahawar da Abu Wisam Ya Ce a Sha

Majdal Safsaf,
lokacin tsinkar ceri.

Yaya Mamduh,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Samira da yara. Ya Istambul, ya kasuwar yadi, ya kuma bayan nan naka da ba ka jin maganar likita a kansa? Mu nan lafiya lau, in har ana ce wa macen da kanta ke shirin tsagewa mai lafiya. Na ba Abu Shafik direba wannan takardar tare da ƙullin garin kishk na miya da kwalbar zaitun. In ya ce maka kwalbar ta fashe a kan iyaka, ka shinshina bakinsa.

Na san ka ji a talabijin cewa kwantiragin Nizar da kulob ɗin garinmu ya ƙare. Yanzu ɗan kansa ne, duk ƙungiyar da ya ga dama zai iya sa mata hannu, kuma tun ranar da aka faɗi haka ban sake shan ruwa cikin natsuwa ba. Ni da na yi murnar samun dogon yaro don ya riƙa ɗauko min tukunya daga saman kabad, ga shi duk Lebanon ta taru tana leƙen tagar kicin ɗina. 'Yan jaridar Beirut sun tattake min na'ana'ar da na shuka. Wani har tambayata ya yi me Nizar ya ci da safe, wai ko za a gane inda zuciyarsa ta karkata. Na ce masa ƙwai da kindirmon labna, ya je ya fassara.

Ban ga laifin mutanen gari ba. Kafin Nizar wa ya san Majdal Safsaf in ba masu sarin ceri ba? Shi ya ɗauko kulob ɗin nan a kafaɗa ya kai shi rukunin farko na ƙwallon kwando, shi ya sa manyan ƙungiyoyin Beirut ke tsallako duwatsu su zo su sha kashi a ɗakin wasan da rufinsa ke yoyo. Kowa ya san in ya tafi, an koma gidan jiya. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Labarin aikin surukinka Abu Wisam zan ba ka.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga motoci a ƙofar gida. Hajji Munzir shugaban kulob, da mukhtar, mai garinmu, da liman, da dattijon kowane dangi, kowa da kwat a wannan zafin. Na dafa gahawa aka zuba. Kowa ya karɓi finjalinsa ya ajiye a kan tebur, ba wanda ya kai baki. Ina hango su ta bayan labule na san akwai magana, don ba a ajiye gahawa haka sai an zo da babbar buƙata, kuma ba za a sha ba sai mai gida ya ce ya bayar.

Shi kuwa Abu Wisam, Allah Ya shirya min shi, ya ɗauka maganar hanya ce ta kawo su. An daɗe ana so ya ba da gefen gonarsa a faɗaɗa hanyar da ke zuwa ɗakin wasa. Ya riga ya yanke zai bayar, jira kawai yake a taru a gani. To ga taro ya samu. Hajji Munzir ya buɗe baki ke nan, “Abu Wisam, mun zo ne a kan…” sai mutumin naka ya ɗaga hannu, ya gyara zama, ya ce, “Kada ka ƙarasa, Hajji. Fuskoki irin waɗannan ba sa shiga gidana su fita hannu rabbana. Ku sha gahawarku. Ko me kuka zo nema, an ba ku.”

Suka sha, Yaya. Ban taɓa ganin tsofaffi sun kwankwaɗe gahawa mai zafi da sauri haka ba, mukhtar har harshe ya ƙone. Sannan Hajji Munzir ya goge baki ya ce, “Allah Ya ƙara girma. Nizar muka zo nema. Ya zauna mana.”

Da suka watse na fito na sami Abu Wisam zaune kamar wanda aka zare wa laka.

“Ka ba su yaron?”

“Magana na ba su.”

“Ai da ka bari ya ƙarasa!”

“Umm Wisam, ba a barin manyan mutane su yi roƙo har ƙarshe.”

“To gefen gonar taka ce za ta riƙa jefa musu ƙwallo a kwando?”

Ya ce in rage murya, maƙwabta na ji. Maƙwabtan da a lokacin suna can suna harba bindiga sama don murna!

Ka san matsayin maganarsa a kwarin nan. Tun kafin in haifi Wisam shi ake kira in an yi rikicin ruwa, ko na iyakar gona, ko ma na jini. Ba don ya fi kowa dukiya ba, don dai ba a taɓa ji ya faɗi abu ya janye ba. In aka cire wannan, me ya rage masa? Tsohon manomi ne mai ciwon suga.

Nizar ya dawo daga atisaye da la'asar, na zayyana masa komai. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya ce, “To.” Sannan ya tambaya ko akwai ragowar kibbar da na dafa. Ni kam na rasa wanda zan fara shaƙewa.

Ka rubuto min. Allah Ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Nuhad

*

Istambul.

Nuhad,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Samira na gaishe ki. Kishk ya iso. Zaitun ya iso rabi, Abu Shafik ya rantse zafin hanya ne ya sa ya motse.

Na karanta takardarki a shago na yi dariya har wani mai ciniki ya fice. Da na gama dariyar kuma sai raina ya ɓaci. Wato mijinki ya tashi ba da hanyar mota sai ya ba da ɗa. Tun ranar da aka zo neman aurenki na gaya wa Baba, Allah Ya jiƙansa, cewa mutumin nan ya fi son jin muryarsa a taro fiye da abinci.

Yanzu ki saurare ni, don abin ya wuce wasa. Wani jami'in babbar ƙungiya a nan ya zo har shagona, ya ji ni kawun Nizar ne. Sun ga wasansa a gasar ƙasashen Larabawa, kocinsu ya ce shi yake so, ba wani ba. Ƙungiya ce da ke buga gasar Turai. Ɗakin wasansu kaɗai ya isa ya haɗiye Majdal Safsaf har da gonar ceri da hanyar da ake rigima a kai. Suna da likitocin gwiwa na gaske, ba irin naku da ke ɗaure masa ganyen kabeji ba. Amma ana rufe rajistar 'yan wasan waje kafin zafi ya wuce, kuma mutanen nan ba sa ajiye finjali su jira kowa. In bai zo ba za su ɗauko wani daga Yugoslabiya su manta da sunansa.

Nizar ba yaro ba ne, ya ba ashirin da biyar baya. Ƙwallo ba gona ba ce da za ka ce baɗi ma rana ce. Gwiwar nan tasa ta hagu ta fara magana, kin fi ni sani. Ƙofa irin wannan sau ɗaya take buɗewa.

Duk kin ba ni labarin abin da Hajji Munzir ya ce, da abin da mijinki ya ce, da abin da ke kika ce. Shi mai ƙafar fa? “To” ba amsa ba ce. Ki zaunar da shi ki tambaye shi, kuma kada ki yi tambayar yana cin abinci.

Na aiko miki da yadin labule, ki daina leƙe ta tsohon.

Yayanki,
Mamduh

*

Majdal Safsaf.

Yaya Mamduh,

Sallama da gaisuwa. Yadi ya iso, na gode, ko da yake kalar ta matar gwamna ce ba tawa ba. Ganyen kabejin da kake raina wa kuwa shi ya tashe ka lokacin da ka faɗo daga kan jakin Abu Naji, in ka manta ni ban manta ba.

Ka ce in zaunar da shi. Ka zo ka zaunar da shi mana! Na tare shi a baranda na ce, “Nizar, kawunka ya ce Turkawa na nemanka. Kana so ko ba ka so?” Ya ce, “Mama, Baba ya riga ya faɗa.” Na ce, “Ban tambaye ka abin da Baba ya faɗa ba, ina wurin aka faɗa.” Ya ce, “To ai shi ke nan.” Ya ɗauki ƙwallo ya fita. Wannan yaron a cikin fili sai ya yi wa alƙalin wasa tsawa har a jiyo shi a birnin Zahle, amma a gida sai ka ce da kuɗi yake sayen kalma.

Gari kuwa ya haukace gaba ɗaya. An rataya hotonsa a bakin kasuwa, mai tsawon bene, an rubuta a ƙasa wai ɗan halak ba ya barin gida. Mahauci ya daina karɓar kuɗina, kullum sai ya ƙara min ƙashi “don gwiwar gwarzonmu”. Da raɗe-raɗin Turkawa ya iso, ban san ta bakin wa ba, amma ka tambayi direbanka, sai matan gari suka fara zuwa gaishe ni rukuni-rukuni kamar an yi min rasuwa. Matar mukhtar ta kama hannuna ta ce, “Umm Wisam, mu dai hankalinmu kwance, maganar Abu Wisam ba ta taɓa faɗuwa ƙasa ba.” Tana faɗa tana kallon cikin idona. Na ce mata ta ci baklawa.

Hajji Munzir shi ya fi ba ni haushi. Tunda ya ga an ɗaure masa Nizar da igiyar da ba ta tsinkewa, sai ya miƙe ƙafa. Ya sallami Ba'amurken nan da ke miƙa wa Nizar ƙwallo, ya ce ba a bukatarsa. Gyaran rufin da ya yi alkawari ya koma sai baɗi. A wajen wani biki aka ji yana cewa, “Wasu na zubar da dukiya su sayi ɗan wasa, mu da finjali ɗaya muka sayi namu.” Aka yi ta dariya. Surukinka na teburin gaba, ya yi kamar bai ji ba, amma da ya dawo bai taɓa abinci ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce Abu Shafik ya jira ni in gama rubutu. Shekaranjiya da hantsi na fita shanya, Nizar na wanke motarsa a bayan gida, ya kunna kaset. Na ɗauka waƙa ce. Sai na ji wata mata na faɗin magana da wani yare, shi kuma yana maimaitawa a hankali, yana kuskure yana sakewa. Turkanci yake koya, Yaya. Ya hango ni ya yi wuf ya kashe, ya ce wai wani aboki ne ya manta kaset ɗin a motar. Ƙaton mutum kamar ƙofar masallaci, kunnuwansa suka yi ja kamar ranar da na kama shi da kwalbar zuma.

To ka samu amsarka. Yana so. Yana so har cikin ransa, kuma zai zauna, ya sa hannu, ya ƙare gwiwarsa a ƙarƙashin rufi mai yoyo don kada a ce ubansa ya yi magana biyu.

Kai kuma kada ka yi saurin murna, don ban ce ina bayanka ba. Wisam na Brazil, 'ya'yansa ba su san muryata ba sai a waya. Rula na Kanada. Kai kana can. Nizar kaɗai ya rage min a gidan nan, shi kaɗai nake jin takunsa a matakala. Da tsofaffin nan suka shanye gahawar, a bayan labule na yi fushi, amma wani gefe na zuciyata hamdala ya yi. Ba na so ya tafi. Na faɗa maka ƙarara don kada ka ɗauka dutse ce ni. Sai dai kuma ba na so ya zauna a haka, kamar rago da aka ɗaure don baƙi.

An sa ranar sa hannu, wai za a yi a ɗakin wasa gaban jama'a, da ganguna da 'yan talabijin. Na nuna wa Abu Wisam takardarka, na dai rufe wajen da ka ambaci Baba da babban yatsa. Ya ce shi zai ba ka amsa da kansa. Allah Ya ba ka haƙurin karantawa.

Ƙanwarka da ta gaji,
Nuhad

*

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga suruki mai daraja, Malam Mamduh, Abu Tarik, Allah Ya tsare shi.

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci da tambayar lafiyarka da ta iyalinka, ina sanar da kai cewa bayaninka ya iso gare ni, kuma na gode da kulawarka ga ɗanmu Nizar.

Ka daɗe a ƙasar waje, ta yiwu wasu abubuwa sun yi maka nisa. Dattawan gari sun shigo gidana, sun ajiye gahawarsu, na ce su sha, sun sha. Ko na san abin da suka zo nema ko ban sani ba, wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da jama'a suka sani shi ne na faɗa. Akwai gidaje a kwarin nan da suka ajiye bindiga saboda na ce na ɗauki nauyi. In maganata ta zama abin da ake bayarwa yau a karɓe gobe, waɗannan gidaje me zan ce musu?

Yaron bai yi min musu ba, bai kuma nuna min ɓacin rai ba. Na yi masa tarbiyya, ya san gidan da ya fito.

Ina roƙonka da girman zumunci ka sanar da mutanen da suka zo wurinka cewa mun gode, Allah Ya haɗa su da rabonsu. Ina kuma roƙo a daina aiko da maganar da ke tayar da hankalin 'yar'uwarka, don a nan ni nake kwana da sakamakon.

Wassalam.
Rafik al-Dirani, Abu Wisam

*

Istambul.

Abu Wisam, babban yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta a tsaye don girmamawa.

Ban manta al'ada ba. Na kuma san gidajen da kake nufi, ɗaya daga ciki na kawunmu ne, kuma har gobe muna gode maka. Ba zan ce ka yi magana biyu ba.

Tambaya ɗaya gare ni. Ka ce yaron bai yi maka musu ba. Ka tambaye shi? Ba a gaban liman ba, ba kana tsaye da carbi a hannu ba. Wanda aka yi wa tarbiyya irin taka ai ko wuƙa ka ɗora masa a wuya cewa zai yi Baba ya fi ni sani.

Ban sallami mutanen ba tukuna. Na ce musu a ƙasarmu ba a gaggawa, suka ce sun lura.

Ka gaida 'yar'uwata, in tana yi maka magana.

Ƙaninka,
Mamduh

*

Majdal Safsaf.

Yaya Mamduh,

Sallama. Ka zauna kafin ka karanta, ka kuma kori masu ciniki.

Takardarka ta sa surukinka ya yi kwanaki yana zagaya gida yana huci, yana cewa mai sayar da yadi ne zai koya masa tarbiyya. Amma bai tambayi yaron ba. Sau da yawa na ga ya nufi ɗakin Nizar, sai ya tsaya a ƙofa ya gyara hoton da ke bango ya dawo. Shi ma Nizar in ya ji takun uban sai ya kama barcin ƙarya. Maza biyu, kowanne ya cika ƙofa, suna wasan ɓuya a gidana.

Ranar sa hannun da safe na sami surukinka yana goge takalmi. Na yi niyyar in yi shiru, Allah Ya sani, don in na yi shiru ɗana zai zauna kusa da ni. Amma bakin nan nawa ka san shi.

Na ce, “Abu Wisam, shekarun baya da Abu Naji ya yi wa masallaci kyautar gonar ƙanensa, aka kira ka, me ka yanke?”

Ya ce, “Wannan daban.”

“Me ka yanke?”

“Na ce a mayar. Mutum ba ya kyauta da abin da ba nasa ba.”

“To ƙafafun Nizar naka ne?”

Ya ce, “Ɗana ne!”

Na ce, “Ni na haife shi, ni na san nauyinsa, kuma ko ni ban isa in bayar da shi ba. Yaron nan Turkanci yake koya a ɓoye a bayan gida kamar mai shan taba. Je ka duba motarsa.”

Bai je ba. Ya ci gaba da goge takalmin da ya riga ya yi ƙyalli, ya ce in kawo masa kwat.

Ɗakin wasa ya cika har tagogi. Ganguna, tutoci, yara sun shafa fenti a fuska. Aka ajiye tebur a tsakiyar fili, a ƙarƙashin inda ke yoyo daidai, aka shimfiɗa takarda. Hajji Munzir ya yi jawabi har mutane suka fara hamma. Sannan aka kira Nizar. Ya fito yana murmushin nan da yake yi in an ci su wasa aka ce ya gaisa da abokan karawa. Ni na san murmushin. Ashe uban ma ya san shi.

Nizar ya ɗauki biro ke nan sai na ga Abu Wisam ya miƙe daga layin gaba. Ya taka har tsakiyar fili da takalminsa mai ƙara, ya riƙe hannun yaron, a gaban talabijin, a gaban kowa. Ya ce, “Nizar, ban tambaye ka ba, yanzu ina tambayarka. Kana son zama?”

Nizar ya ce, “Baba, ka riga ka…”

“Ba abin da na tambaye ka ke nan ba.”

Yaron ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, da muryar da ban ji ba tun yana firamare, “Ina son in gwada can, Baba.”

Abu Wisam ya karɓe biron ya sa a aljihunsa. Ya juya ga dattawa ya ce, “Jama'a, kun sha gahawa a gidana a kan maganata. Na ba ku abin da ba nawa ba. Yaron bai yi muku alkawari ba, ni na yi, kuma ni na karya. Wanda zai zagi wani ya zage ni. Hanyar da kuke so kuwa ku zo gobe ku auna.”

Hajji Munzir ya tashi ya ce, “Abu Wisam, ka san abin da kake yi wa kanka?” Ya ce, “Na fi ka sani, Hajji.”

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa ba. Ihu, jifa da robobin ruwa, wani ya kira mu maciya amana, mai ganga ɗaya bai fahimci abin da ake ciki ba ya ci gaba da kiɗa. Liman ne ya raka mu mota. A hanya abin da Abu Wisam ya ce wa Nizar kawai shi ne ya rage gudu, ba gasa ake ba.

An sauke hoton bakin kasuwa. Mahauci ya tuna yadda ake karɓar kuɗi, har da na baya yake so ya tuna. Matar mukhtar ta gan ni a layin burodi ta kama duban sama kamar ana rabon wani abu a can.

Ka gaya wa Turkawanka su aiko da takardunsu. Kuma kada ka kuskura ka rubuto min cewa ka yi nasara, don wallahi in ka yi, kishk ɗin bana sai dai ka ji labarinsa. Ni ce na yi asara ta kowane gefe, kuma da bakina na jawo. Haushin kowa nake ji: naka, na Hajji, na yaron da sai da aka tsayar da shi gaban duniya ya iya faɗin kalma shida, da na wannan tsohon da ya bari sai a gaban talabijin zai yi abin da zai iya yi a kicin. Amma da ya taka filin nan, Yaya, ban taɓa ganin ya kai tsawon da ya kai ranar ba.

Ƙanwarka,
Nuhad

*

Majdal Safsaf.

Yaya,

Sallama. Wanda zai miƙa maka wannan takardar sai ya sunkuya kafin ya shiga ƙofarka. Ka kula min da shi. In ya ce maka lafiya lau, kada ka yarda, ka duba gwiwar da idonka.

Jiya aka yi sulhun rikicin ruwa tsakanin gidan Hammud da gidan Sarraf. Tun safe Abu Wisam ya yi aski, ya sa kwat, ya zauna a baranda. Motocin suka zo suka wuce ta ƙofarmu, ta sabuwar hanyar, suka tafi ɗaukar mukhtar a madadinsa. Abu Wisam ya zauna har aka kira azahar. Sannan ya shigo ya cire kwat ɗin, ya rataye, ya tambaye ni ko na saka wa yaron safa masu kauri, wai an ce Istambul akwai sanyi.

Nizar bai sani ba, yana can yana sallama da abokansa. Kada ka gaya masa. Ubansa ya ce in yaron ya ji, zai baro Istambul ya dawo.

Allah Ya sada mu da alheri.

Nuhad